Wa Ke Riƙe da Mabuɗi? Amana da Haɗari a Manhajojin Gayya

Lacca ga shugabannin ƙungiyoyin masu noman rani, malaman gona da ɗaliban kwamfuta, a Kumbotso

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin manoma da suka taso tun daga Kura da Bunkure da Garun Malam, malaman gona, 'yan'uwana malamai, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan tsaron buɗaɗɗun manhajoji, kuma na san akwai dattijon da ke cewa a ransa, me ya haɗa kifi da kaska, mai shinkafa da zancen kwamfuta? Baba, abin da ya haɗa ku yana cikin aljihunka. Duk wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, a kan Linux take tafiya, manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 ya sakar wa duniya. Da yawa daga na'urorin POS da kuke cirar kuɗin tumatir da su a Kwanar Gafan ma Android ne a cikinsu.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje rubutunta na asali a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba, ba tare da ya biya ko ya nemi izini ba. Wasu manyan kamfanoni ne ke ɗauke da nauyinsu. Amma mafi yawa aikin gayya ne: mutum ɗaya ko biyu ko goma, kowa a garinsu, suna yi da dare bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su.

Kun ga yaran nan da ke zuwa gona da faffaɗar waya, su tsaya a kusurwar filoti har alamar taswira ta nutsu, su taka zuwa ɗaya kusurwar, su ɗauki hotonka, su tambayi lambar wayarka da ta NIN, wani lokaci har da BVN? Fom ɗin da suke cikawa sau da yawa a kan ODK yake, wadda aka faro a Jami'ar Washington a 2008, ko a kan KoboToolbox. Mai zana taswirar gonaki yakan yi da QGIS. Alƙaluman da asibitocin shan magani ke turawa sama duk wata, DHIS2 suke shiga, kuma Jami'ar Oslo ce ke jagorantar rubuta ta. SORMAS da hukumar NCDC ke bin sawun annoba da ita, bayan cutar Ebola ta 2014 aka ƙirƙiro ta tare da masana na Jamus, kuma Kano na cikin wuraren da aka fara gwada ta. Duk buɗaɗɗu ne. Ke nan sunanka, da girman gonarka, da allurar da aka yi wa ɗanka, suna kwance cikin abin da wasu mutane da ba su taɓa jin sunan Kadawa ba suka rubuta.

Akwai hujjar da magoya bayan wannan tsari suka daɗe suna kafawa, cewa tunda kowa na iya gani, duk ɓarakar da ke ciki wani zai hango. Mu ma muna cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. To amma ku mutanen kanal kun fi kowa sanin iyakar wannan magana. Ruwan da ke shiga gonakinku daga Tiga yake tasowa, madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974, aikin da Gwamna Audu Bako ya faro. Babban kanal yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙananan magudanan da ke raba ruwa zuwa gonaki kuwa, musamman tun zuwan shirin TRIMING na Bankin Duniya a 2014, an ƙara ɗora wa ƙungiyoyinku kula da su. Magudanar nan a buɗe take, babu mai rufe ta. Mutum ɗari na bi ta gefenta kullum, kowa na ganin kacalla tana tofowa, kowa na ganin inda siminti ya dare. Ranar yasa mutum nawa ke fitowa da shebur? Sannan ƙarfen murɗa ƙofar ruwa, a hannun mutum nawa yake? In wanda aka damƙa wa ya gaji, ko ya ci amana ya buɗe wa wani da tsakar dare, na ƙarshen magudana ne zai wayi gari ya tarar da albasarsa ta yi yaushi, bai kuma san a ina aka yi masa ba. A harkar manhaja mu ne na ƙarshen magudana.

Ga abin da ya faru a zahiri.

A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin abin da ke wucewa tsakanin wayarka da shafin banki. Aka sa mata suna Heartbleed. Kuskure ne na ɗan'adam, wani ɗan Jamus ya shigar da shi a ƙarshen 2011, mai duba aikin bai lura ba, ya zauna fiye da shekara 2 a bainar jama'a. An ƙiyasta shafuka kusan rabin miliyan abin ya shafa. Da aka bincika su wa ke kula da wannan abu da bankunan duniya suka jingina da shi, sai aka tarar mutum ɗaya ne kacal ke aikin cikakken lokaci, gudummawar da suke samu a shekara kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba.

A Disambar 2021 kuma sai ga Log4j, wani ɗan guntu da aikinsa kawai ajiye rajistar abin da ke gudana cikin manhaja. Wani ma'aikacin kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ne ya gano cewa layi ɗaya na rubutu, in aka tura shi inda ya dace, ya isa a ƙwace kwamfutar ɗungurungum. 'Yan sa-kai na gidauniyar Apache suka kwana ba barci suna faci. Babbar matsalar ita ce dubban ma'aikatu ba su ma san suna da Log4j ba, don yana cikin wani abu da ke cikin wani abu da suka saya. DHIS2 da na ambata ma sai da masu ita suka fitar da gyara cikin gaggawa.

Waɗannan biyu kuskure ne. Na uku shi ne wanda nake so mu zauna a kansa, domin da gangan aka yi shi, kuma ba kwamfuta aka fara kai wa hari ba, mutum aka fara kai wa.

Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil ya ƙanƙance. Kusan duk kwamfutar da ke tafiya a kan Linux tana ɗauke da ita. Wani bawan Allah ɗan Finland, Lasse Collin, shi ke kula da ita shekara da shekaru, shi kaɗai, babu albashi. A ƙarshen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo masa ƙananan gyare-gyare. Aiki mai kyau, cikin ladabi, babu gaggawa. A 2022 sai wasu sunaye suka ɓullo, ɗaya Jigar Kumar, ɗaya Dennis Ens, suna ta yi wa Collin matsin lamba: aiki ya tsaya, ka riƙe abu ka hana ruwa gudu, in ba za ka iya ba ka ba wani. Collin ya ba su amsa cewa ya daɗe yana fama da lalurar damuwa, kuma wannan aiki ne na sha'awa da ba a biyansa, amma Jia Tan na taimaka masa, mai yiwuwa ya ƙara masa matsayi. Haka kuwa aka yi. Waɗannan masu surutu ba a san su da wani aiki a ko'ina ba kafin nan, ba a kuma sake jin ɗuriyarsu ba, shi ya sa masu bincike ke ganin duk bakinsu ɗaya da Jia Tan.

Sai da ya shafe fiye da shekara 2 yana aiki tsakani da Allah a idon kowa. A Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da zubi na 5.6.0 da 5.6.1, a ciki ya binne ɓarauniyar ƙofa. Ku dubi wayon: mugun abin bai sa shi cikin rubutun da mutane ke karantawa ba. Ya cusa shi cikin wasu fayilolin gwaji da ba mai buɗewa, abin da ke tayar da shi kuma ya sa shi cikin ƙunshin da ake saukewa kaɗai. Da ya yi nasara, mai riƙe da wani mabuɗi guda zai iya shiga miliyoyin manyan kwamfutoci ta hanyar SSH, wadda injiniyoyi ke shiga da ita daga nesa.

Abin da ya tona shi rabin daƙiƙa ne. Wani injiniya ɗan Jamus da ke aiki da Microsoft, Andres Freund, yana auna saurin wata manhaja daban, PostgreSQL, sai ya ga shiga kwamfutarsa ta ƙara nauyi da kusan rabin daƙiƙa, injin kuma na wahala fiye da kima. Da wani ne, da ya ce matsalar netwok ce ya wuce. Shi ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya. A lokacin abin ya riga ya shiga zubin gwaji na Debian da Fedora, saura ƙiris ya kai ga na kowa da kowa. Har yau ba a san ko wane ne Jia Tan ba, mutum ɗaya ne ko ma'aikatar leƙen asirin wata ƙasa.

Kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce malam ya ce a guji buɗaɗɗiyar manhaja a koma wa ta kamfani. Ban faɗa ba. A 2020 aka gano an kutsa kamfanin SolarWinds na Amurka, wanda rubutunsa a kulle yake, aka cusa guba cikin sabuntawar da shi da kansa ya tura wa abokan cinikinsa kimanin 18,000, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka, aka yi watanni ba a sani ba. Freund ya iya bin sawun xz ne don a buɗe take. Da ta kamfani ce, iyakarsa ya rubuta musu takardar koke ya jira. Ni dai, in aka ba ni zaɓi tsakanin ODK da wata manhaja da ɗan kwangila ya haɗa a wata 3 ya kulle ya tafi da mabuɗin, ODK zan ɗauka ba tare da na yi shawara ba. Abin da nake cewa shi ne buɗewa dama ce ta a duba. Ba ta nufin an duba.

Yanzu mu dawo gida, don gaskiya Jia Tan ba shi ne babban abin tsoronmu a Kura ba. Namu ya fi kusa.

Mun haɗa abu biyu mun mai da su ɗaya: abin da aka samu kyauta, da abin da yake a buɗe. Ku je kowane shagon cajin waya da yamma. Yaro zai miƙa wayarsa ya ce a tura masa GBWhatsApp, mai ɓoye cewa ka karanta saƙo, mai nuna abin da aka goge. A kunna Xender, minti 1 ta shiga. Wayar ta yi gargaɗi cewa ba a san tushen wannan abu ba, mai shago ya danna amincewa ko karantawa bai yi ba. Manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni, da lambobin mutane, da hotuna, ya danna, ya danna, ya danna. Wannan ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce. Wani da ba a san shi ba ne ya farke WhatsApp ya ɗinke da abin da ya ga dama, ba wanda ke ganin cikinta. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya samu ƙwayar cuta mai suna Triada cikin 'yar'uwarta FMWhatsApp, a 2022 kuma cikin YoWhatsApp. Triada na iya karanta saƙon tes, ta yi maka rajistar abin da za a riƙa cire maka kuɗi. Ta saƙon tes ɗin nan kuma banki ke turo lambar sirrin cire kuɗi. In wayar sakataren ƙungiya ce, mai karɓar kuɗin ruwa, ku lissafa da kanku. Haka Windows da Office na sata da ke cike da kafe-kafenmu da ofisoshinmu. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Wani lokaci ma ba laifin mai waya ba ne. A 2020 wani kamfanin bincike, Upstream, ya ba da rahoton samun wannan Triada cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 tun daga kwali, yawanci a Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Kamfanin Transsion mai wayar ya ce daga wani da ke kawo masa kayan haɗi abin ya shigo. Manhaja mai kyau na iya barin hannun marubucinta lafiya lau, ta gurɓace a hannu na uku ko na huɗu. Shi ya sa masu rubuta ta ke buga mata hatimin lissafi, wanda in an taɓa ko harafi ɗaya zai nuna. Wanda ya sauke ODK Collect daga Play Store ya bi hanyar da ake duba hatimin. Wanda aka tura wa a shago, hatimin wa ke kanta?

Abu na biyu ya fi damuna, kuma malaman gona da ma'aikata ku nake kallo. Shiri yakan zo da kuɗin waje, a ɗauko ƙwararre daga Abuja ko Legas, ya kafa saba, wato babbar kwamfutar da duk fom-fom ɗin nan ke zubawa cikinta. A yi shekara 4 ko 5 ana tara sunayen manoma. Shiri ya ƙare, a yi bikin miƙa kaya: motoci, babura, kujeru, janareta, duk an rubuta a takarda an sa hannu. Saba kuwa tana can tana aiki, kalmar sirrinta na wurin wanda ya bar aiki, ko a manne a jikin bango, ko kuma admin123 ce. Masu manhajar a Oslo ko Amurka sun gano ɓaraka sun fitar da faci tun shekara 3 da suka wuce, sun sanar, amma babu wanda aikinsa ne ya karanta sanarwar. Na taɓa zama gaban irin wannan kwamfuta a wani ofis da ba zan ambata ba. Na tambayi yaushe rabon da a sabunta ta, ma'aikacin ya ce ai an gargaɗe su kada su taɓa, tunda tana aiki. Mai kutse ba ya buƙatar haƙurin shekara 2 a nan. Akwai na'urorin da ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, suna neman tsohuwar ɓarakar da kowa ya sani.

Kuma yanzu akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya tara bayanan, ba wanda ya rubuta manhajar ba. In an sace bayanai ta yadda za a iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Lasisin kusan kowace buɗaɗɗiyar manhaja ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa yadda ka gan ta haka ka ɗauka, babu garanti. Don haka iyayenmu shugabannin ƙungiyoyi, ranar da aka sake zuwa rajistar 'ya'yan ƙungiyarku, kuna da hurumin tambaya: sunayen nan a ina za su kwana, kuma in shirin ya ƙare wa zai riƙe su? Ba rashin kunya ba ne. In mai fom bai sani ba, ya kira ogansa. Ku kuma masu rubuta takardar miƙa kaya, a ƙara layi ɗaya a ƙasan janareta: sunan ma'aikacin da zai riƙa sabunta saba, da na biyunsa, da kuɗin yin hakan a kasafin shekara. Bayan Heartbleed manyan kamfanoni sun haɗa asusu a ƙarƙashin gidauniyar Linux, Jamus ma ta kafa nata a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji. Ba mu kai nan ba. Amma albashin mutum ɗaya da kuɗin data bai fi ƙarfin kowace ma'aikata ba.

Saura ku ɗalibai, na Bayero da na Wudil da na nan Sa'adatu Rimi. Ana ta ce muku ku shiga aikin gayyar nan don ku yi suna ku samu aikin dala, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai ku san halin da za ku tarar. Hanyar da Jia Tan ya bi, ƙananan gyare-gyare da ladabi da haƙuri, ita ce dai hanyar da mutumin kirki ke bi. Ya ɓata ta. Yau baƙon suna in ya cika zuwa da taimako, ana kallonsa da ido biyu, kuma kun san tabon da 'yan damfara suka shafa wa sunan Najeriya. Siyasa ma ta shigo: a Oktoban 2024 an cire wasu 'yan Rasha daga jerin masu kula da Linux saboda takunkumi, ba don an kama su da laifi a aikin ba. Wannan bai yi mini daɗi ba, amma haka filin yake.

Abin da Jia Tan ya rasa shi ne wanda zai tsaya masa. Babu malamin da ya koyar da shi, babu taron da aka gan shi, babu wanda ya taɓa cin abinci da shi. Ku kuna da wannan. Ku yi aiki da sunanku na gaskiya, sunan da limamin unguwarku ya sani. Ku shiga inda ake ganin fuska, irin tarukan CITAD a nan Kano da na Open Source Community Africa. In an ba ku matsayi wata rana, ku nemi a sa mutum na biyu ya riƙa duba abin da kuka shigar tun kafin a nema daga gare ku. Kuma kada ku taɓa zama cikin masu zagin mai kula don ya yi jinkiri. Kun ji abin da aka yi da irin wannan zagin.

Ba lallai sai kun rubuta sabuwar manhaja ba, mun gaji da manhajojin kammala digiri da ke mutuwa ranar da aka ba da maki. Ga aikin da zan so wani malami ya ba ɗalibansa a zangon nan. A nemi izinin ofis ɗaya da ke riƙe da bayanan manoman Kura ko Bunkure. A zauna a rubuta duk abin da ke cikin kwamfutarsu, guntu-guntu: sunansa, zubi na nawa ne, wa ke kula da shi a can inda ya fito, mutum nawa ne, yaushe rabonsu da fitar da gyara, yaushe rabon ofishin da saukewa. A kai wa shugaban ofis a takarda, da Hausa, shafi 2. Duk sashen da ya shirya yi, zan zo in zauna da ɗaliban a makon farko.

Shugaba, a nan zan dakata a buɗe fagen tambayoyi. Ina roƙon a fara ba iyayenmu na Bunkure dama, su ne masu nisan hanya.